Rumfar ƙanƙara a akwatin gilashi: ruwan ɗumi ya yarda ya zauna a ƙasa

Jama'a, gwajin da muke yi na kwaikwayon narkewar rumfar ƙanƙara a akwatin gilashi ya yi. Ruwan ɗumi mai gishiri ya kwanta a ƙasan akwatin bai taso ba, ya ci gindin ƙanƙarar, ruwan da ya narke kuma ya bi cikinta, wato fuskarta ta ƙasa, ya haura sama a siririn layi kamar yadda ake faɗa game da rumfunan ƙanƙara na Antatika, wato manyan faifan ƙanƙara da suka miƙo daga tudu suna shawagi a kan teku a can ƙarshen kudancin duniya. Na ji daɗi ƙwarai, don wannan matakin ne ya daɗe yana ba mu ciwon kai.

Akwatin mai tsawon santimita 40 ne, faɗi 20, zurfi 30. Ƙanƙarar a robar abinci mai kusurwa huɗu aka daskarar da ita, an jingine robar a karkace cikin firiza, ta fito da kauri 15 a gefe ɗaya, 3 a ɗaya gefen. A sa sanda a ciki tun tana ruwa, a ɗaure sandar a bakin akwatin, in ba haka ba ƙanƙarar juyawa za ta yi ta kwanta yadda ta ga dama. Gefen mai kauri shi ne gindin rumfa, inda ƙanƙara ke rabuwa da ƙasan teku ta fara shawagi.

Matsalar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa ita ce haɗa ruwa hawa biyu. A Tekun Amundsen na Antatika, inda manyan ƙanƙarar nan da ake kira Thwaites da Pine Island suke gangarowa teku, ruwan sama mai sanyi ne kusa da daskarewa, wajen digiri 1.9 ƙasa da sifili, na can ƙasa kuma yana kusan digiri 1 sama da sifili, ya fi gishiri kaɗan, shi ya sa ya fi nauyi yake bin kwarin ƙasan teku har ya isa gindin ƙanƙara. Bambancin gishirin bai kai giram ɗaya a lita ba. Wanda ya kwaikwayi wannan ƙaramin bambanci a gida zai sha mamaki, domin mu bambancin zafinmu babba ne. Ruwan randa digiri 25, na firij digiri 5. Ruwa mai giram 35 a lita a digiri 25 nauyinsa kusan ɗaya ne da mai giram 30 a digiri 5, har na sanyin ya ɗan ɗara. Sai ka zuba, ka ga hawa biyu sun tsaya na ɗan lokaci, can sai na ƙasa ya fara tasowa gungu-gungu, kafin ka ɗauko tocila duk akwatin ya zama kala ɗaya. Gishiri ya tafi a banza, sanyin da aka kwana ana tarawa shi ma ya tafi.

Abin da ya tsaya shi ne tazarar gishiri giram 10 a lita. Na sama lita 6, gishiri giram 150, a digiri 5. Na ƙasa lita 8, gishiri giram 280, a digiri 25, da ɗigon jan kalar abinci. A auna da sikeli, cokali ba ya aiki a nan. Gishirin leda yakan sa ruwa ya yi hazo, sai a jiƙa tun da dare a tace da ƙyalle. Na sanyin ake fara zubawa, sannan a tura mai nauyin ta ƙarƙashinsa da siririn tiyo da aka ɗaura wa soso a baki, sosan yana kwance a ƙasan gilashi. Kada ya wuce rabin lita a minti. In aka yi gaggawa, iyakar da ya kamata ta fito tsaf sai ta zama kauri santimita huɗu ko biyar na ruwan hoda. Ƙanƙarar kuma a bar ta minti goma a waje har ta fara gumi, don wadda ta fito daga firiza kai tsaye tsagewa take yi da ta taɓa ruwa.

Da ƙanƙara mai shimfiɗaɗɗen ciki marar gangara aka fara gwadawa, kuma abin takaici ne a kalla. Ta ɗan narke, sai ta yi kamar ta tsaya. Ruwan da ya narke ba shi da gishiri, ya fi na kewaye sauƙi, ba shi da inda zai gangara ko ya haura, sai ya maƙale a cikinta ya zama bargo tsakaninta da ruwan ɗumi. Kada wanda ya ga haka ya ɗauka akwatinsa ne ya lalace. Masu binciken da suka huda ƙanƙarar Thwaites mai kaurin kusan mita 600 da ruwan zafi, suka zura na'urar Icefin mai ninƙaya a ƙarƙashin ƙanƙara, sun samu irin haka. A sakamakon da suka fitar a 2023, wuraren da cikin ƙanƙara yake shimfiɗe suna narkewa mita 2 zuwa 5 ne kawai a shekara, ƙasa da yadda aka zata, amma tsagogi da wurare masu gangara suna cinyewa da sauri.

Da mai gangara labari ya sauya. Ruwan narkewa yana samun hanya ya haura, yana haurawa yana jawo jan ruwan ƙasa zuwa gindin, sabon ɗumi ya narkar da wata, ita ma ta haura. Lissafin yana da nauyi: narkar da giram ɗaya na ƙanƙara yana sauke giram 80 na ruwa da digiri ɗaya, saboda haka in ba a kawo sabon ruwa ba, ɗumin da ke kusa nan da nan yake ƙarewa. A zana layin cikin ƙanƙarar da alƙalamin maka a jikin gilashi duk minti biyar, za a ga gindin yana ja da baya ya bar sauran. A rufe saman da farin kwalin da ake sako talabijin a ciki, in ba haka ba iskar ɗaki ta narkar da ita ta sama ta ɓata awon.

Sa kala a ruwan kafin a daskarar da shi, don a ga hanyar ruwan narkewa, har yanzu bai gamsar da ni ba. Ruwa in yana daskarewa turo kala yake yi zuwa tsakiya, sai gefen da ke fara narkewa ya fito fari fat. Daskarar da ita hawa-hawa, santimita biyu-biyu, yana ragewa, amma da wutarmu wannan man janareta ne, kuma kuɗin man ya riga ya haura na gilashin. A yanzu sirinji da robar ƙarin ruwa sun fi: shuɗi kaɗan a ɗiga daidai gindin, ya bi layin ya nuna shi.

Masu tambayar ko za a ga ruwan ya sake daskarewa a saman gangara, su haƙura. Wannan aikin zurfi ne, kowace mita 1,000 tana sauke ma'aunin daskarewa da kusan digiri 0.75, santimita 30 ba za ta ba mu komai ba. Na gaba shi ne yanka tsagi biyu a cikin ƙanƙarar da zarto, ɗaya a tsaye ɗaya a gicciye, a ga wanne ruwan zai fi faɗaɗawa.