Ƙarar da Kawu bai ji ba

Laraba. Ruwa ya ƙaru cikin dare, na gani a jikin turken da muke ɗaure jirgi. Masu zuwa daga wajen Ringim sun ce can ma haka. Yau ban ɗauki fasinja ko ɗaya ba.

Tun shekaranjiya injin jirgin nan nawa ya sauya murya. Tashi dai yana tashi, ja ɗaya ko biyu, fitsarinsa ma, wato ruwan da ke sanyaya shi, na fita da ƙarfi. Amma da na sa giya na murɗa hannu sai jirgin gaba ɗaya ya ɗauki kakkarwa, har kwanon da muke kwashe ruwa ya dinga rawa a kan katako. Ga wani gurnani can ƙasa-ƙasa, kamar ana niƙa a gida na uku. Jiya wata tsohuwa da na ɗauko da buhun shinkafarta ta riƙe gefen jirgi tana salati har muka kai gaɓa. Ban ga laifinta ba. Tun hatsarin jirgin ruwan Bagwai na 2021 babu mai shiga jirgi da sakin jiki, ni ma da nake tuƙi haka ne.

Yaron nan mai gyaran injin ban-ruwa na kira da asuba, na kara masa waya a jikin injin. Ya ce boris ɗin ciki ne, sai an sauke an buɗe. Kuɗin da ya faɗa ya kai na rago. Na zauna a bakin ruwa ina lissafi, koko ya huce a hannuna.

Wajen hantsi sai ga Kawu da sandarsa. Ban aika masa ba, Auta ne ya kai labari. Shi ya sayo injin Yamahar nan, mai doki 15, tun ina ɗan firamare, kuma a lokacin ma ba sabo ba ne. Na tashi na gaishe shi, na ce Kawu da kun huta, rana ta yi. Ko kallona bai yi ba. Ya tattare riga ya shiga jirgi, ya zauna a baya, ya ɗora tafin hannunsa a kan katakon da injin ke maƙale.

"Tayar da shi. Kada ka sa giya."

Na tayar. Ya ce in ƙara wuta kaɗan, na ƙara. Ya daɗe hannunsa na kan katako, idonsa a rufe. Can ya ce, "Nan lafiya lau. Yanzu sa giya." Jirgin na ɗaure a turke, na sa, na murɗa, nan take kwanon ya fara rawarsa. Kawu ya buɗe ido. "Ka gani? Ciwon da ke kai ba ya jiran giya. In fulogi ne ko fistin, ko a tsaye zai yi maka. Wannan sai farfela ta juya yake farkawa. To wa ya ce a buɗe kai?"

Na ce bakanike. Ya yi tsaki, ya ce yaron ba mugu ba ne, injin tudu ya sani.

Duk da haka bai yarda mu tsallake komai ba. Ya sa na taɓa kusoshin nan biyu da ke matse injin da jirgi, ɗaya ta ɗan saki, na ɗaure. Ya sa na cire hular fulogi ɗaya bayan ɗaya injin na aiki, da busasshen tsumma saboda wutar na fizgar mutum. Kowace na cire sai injin ya rage murya, wato silinda biyun duk suna ci. Da na kashe na kwance fulogan, bakinsu ruwan ƙasa-ƙasa, babu jiƙa, babu baƙin toka. Ya tambayi yadda nake haɗa mai. Na ce rabin lita na man haɗi na 2T a lita 25 na fetur, yadda kuka koya mini. Ya ce to madalla, don tun da aka cire tallafi a 2023 ya ga masu rage man haɗi suna cewa tsimi suke, ƙarshenta inji ya kama.

Sai ya ce in sake tayarwa in sa giya, in miƙo masa doguwar sukudireba. Ya dafa bakinta a jikin injin, ya kara ƙotar a kunnensa. Ya sauko da ita ƙasa, wajen ƙafar da ke shiga ruwa. Ya koma sama. Ya sauya kunne. Na sha ganinsa yana yin haka tun ina yaro, a da ba ya wuce ƙiftawar ido zai ce ga abin da ke damun inji, mutane daga Guri har Kirikasamma suna kawo masa. Yau ya daɗe. Daga nan ya miƙo mini.

"Saurara. Me ka ji a sama?"

Na ce ƙara ce sumul, kamar keken ɗinki.

"A ƙasa fa?"

Na ce gurnani, da wani ɗan ƙas-ƙas a cikinsa, yana bin juyin farfela.

"Yauwa," ya ce. "Haka ne."

Na ɗauka jarraba ni yake. Har daɗi na ji, wallahi, na ce yau na ci jarrabawar Kawu.

Muka kashe, muka ɗage ƙafar injin sama. Kafin in kai hannu ga farfela ya buge mini yatsu da sanda, ya ce cire hulunan fulogi tukuna, ya san mutum mai yatsu uku saboda wannan gangancin. Kunne ɗaya na farfelar ya lanƙwashe, kaɗan ne, sai ka sa ido. Nan na tuna ran Asabar da na ratsa ta cikin kacalla don in gajarce hanya, na ji na doki wani abu, kututture ne ina jin, ban kula ba tun da injin bai mutu ba. Da muka zare fil muka kwance noti muka cire ta, sai ga zaren kalli ya naɗe a bayanta tam, ya narke ya zama kamar zobe, ya ci robar da ke hana ruwa shiga gidan giya. Kawu ya ce kwance kusar ƙasa mu ga mai. Abin da ya zubo fari ne kamar kunun gyaɗa. Ruwa ya shiga, haƙoran giya da boris ɗin ƙasa suna ta gurzar juna a cikin wannan, shi ne gurnanin. Ya murza man a yatsa yana neman ɓarɓashin ƙarfe, ya ce da sauƙi, na zo da wuri.

Abu ɗaya ya rage. Ya kafa kara dab da bakin sandar da farfela ke zama, ya ce in juya a hankali. Tazarar ba ta sauya ba, sandar a miƙe take. Ya yi hamdala, ni ma na yi. Ya ce in nemo robar sabuwa a Haɗeja da man giya lamba 90, in ɗura ta ramin ƙasa har ya fito ta na sama. Farfelar kuma kada in kai wa maƙeri ya doka, tsagewa take yi. Akwai tsohuwa a ƙarƙashin gadonsa.

Rago ya tsira. Na so in yi ta murna.

Da zai tafi ya hau gaɓa, ya juya baya. Na ce, "Kawu, kun bar sukudireba." Bai waiwayo ba. Na sake faɗa da ƙarfi. Tsakaninmu bai fi taku biyar ba, babu inji, babu iska, tsuntsaye kawai. Sai a na uku, da Auta ya ja masa riga, ya juyo yana murmushi, ya ce in riƙe, ai ta fi amfani a wurina.

Da yamma na tambayi Inna. Ta ce ai ya kwana biyu, yanzu ita ke tashinsa sallar asuba, kiran ba ya kai masa. Ta ce kada in nuna na sani.

Tun ɗazu nake maimaita abin a raina. Hannun da ya ɗora a katako, da sauya kunnen da ya yi, da "me ka ji". Shekara nawa ya yi zaune dab da wannan injin, daga safe zuwa magariba, yana ƙetare da mutane, kuma da kuɗin aka biya mini makaranta. Ni kuma na tsaya ina jin daɗin na ci jarrabawa.

Tuwo da miyar kuka, tarwaɗa biyu da Auta ya kamo. Ban ci da yawa ba.

Gobe Haɗeja, in Allah ya kai mu. Ina so in ce ya raka ni, wai don kada a sayar mini da robar da ba tata ba, in muka gama mu biya asibiti a duba kunnen. Na gwada maganar a baki sau uku, duk ba ta fito yadda zai yarda ba.