Zaman minti biyar na Yin yoga, ashe ba wasa ba ne

Jama'a in aka ce motsa jiki abun da ke fara faɗo wa mutum a rai shi ne gumi da haki, sai ka ga kamar in ba ka jiƙe sharkaf ba to ba ka yi komai ba. Wata irin yoga da ake kira Yin yoga kuwa (Yin ɗin nan kalmar Sinanci ce, ba ta Hausa ba) ba haka take ba sam, kusan komai a ƙasa ake yi, a zaune ko a kwance, ka shiga wani irin zama ka saki jiki ka tsaya a haka minti 3 zuwa 5, waɗanda suka goge har su zarce haka, sabon shiga kuma ko minti 1 ko 2 ya yi ya wadatar.

Kuma fa ba wata tsohuwar aba ba ce kamar yadda ake zato. Wani Ba'amurke gwanin kung fu, Paulie Zink, shi ya fara koyar da wannan salon a ƙarshen shekarun 1970, sai Paul Grilley ya koya a wurinsa ya haɗa da ilimin sassan jiki da kuma abun da ya ɗauko wurin Hiroshi Motoyama na Japan, ita kuma Sarah Powers ita ta raɗa mata sunan da aka san ta da shi yanzu. Tunanin daga falsafar mutanen Sin ya fito, wai komai yana da ɓangaren zafi da motsi, yana kuma da ɓangaren sanyi da nutsuwa wanda suke kira yin. A cewar malamanta, tsoka tana son motsi da maimaitawa, amma jijiyoyin da ke ɗaure ƙashi da ƙashi da tantanin da ya lulluɓe tsoka su ba sa jin gaggawa, kamar busasshiyar fata ce, in ka fizga ta tsage in ka bi ta a hankali ta miƙu. Malaman suna kuma yawan maganar wasu hanyoyin kuzari da ke bi ta cikin jiki kamar yadda likitancin gargajiyar Sin ya ce, ni dai gaskiya wannan ɓangaren bai dame ni ba, ƙuguna da bayana nake wa aiki.

Toh abun da ya fi burge ni a duk harkar shi ne wata magana da Grilley ya daɗe yana nanatawa, cewa ƙasusuwan mutane ba iri ɗaya ba ne. Ɗauki zaman da suke kira malam buɗe littafi, ka zauna ka haɗa tafin ƙafafunka biyu ka bar gwiwoyi su faɗi gefe ka sunkuya gaba. Wani gwiwarsa har ƙasa take sauka tun ranar farko, wani ko shekara goma zai yi ba za ta sauka ba, kuma ba lalaci ba ne, yadda kan ƙashin cinyarsa ya zauna cikin ramin ƙugu ne haka. Shi ya sa ake koya maka ka bambance abu biyu, in ja kake ji a gefen da ake miƙewa to wannan nama ne da jijiya, da sannu zai saki, in kuma tokarewa kake ji a gefen da ke naɗewa to ƙashi ne ya ci karo da ƙashi, nan iyakarka kenan, ko za ka kwana kana dannawa ciwo kawai za ka ja wa kanka.

Wallahi tun da na gane wannan nake kallon maganar daidaita rayuwa daban. Da ina ɗauka daidaito shi ne a raba lokaci daidai wa daida, aiki kaza iyali kaza hutu kaza, abun da ba ya taɓa yiwuwa sai dai a takarda. Yanzu tambayar da nake wa kaina in abu ya cije ita ce, wannan ja ne ko tokarewa? Akwai aikin da haƙuri kawai yake so, akwai kuma dangantakar da ka yi ta turawa shekara da shekaru ba ta motsa ba, kai kuma kana zargin kanka wai ƙoƙarinka ne bai kai ba.

Wahalar Yin yoga ba a jiki take ba ma, a kai take. Minti na farko lafiya lau, na biyu sai hanci ya fara ƙaiƙayi, ka tuna saƙon da ba ka amsa ba, hannu ya fara lalubar waya da kansa, ka leƙa agogo ka ga ashe ko rabi ba ka yi ba. Dokar kuma ita ce kar ka kai ƙarshen ƙarfinka, ka tsaya inda kake jin ja amma numfashinka bai sarƙe ba, ka sa filo ko bargo ƙarƙashin gwiwa in ta kama, babu wani abun kunya a ciki.

Amma dan Allah kar wani ya ce ya samu hujjar daina tafiya da gudu. Yin yoga ba ta sa zuciya bugawa da sauri, ba ta gina tsoka, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki take ba manya shawara a mako, wannan zaman ƙari ne a kai. Mai juna biyu, da mai raunin ƙashi, da mai matsalar ƙashin baya, da wanda gaɓɓansa suka cika laushi su fara tuntuɓar likita. In ka ji ciwo mai suka ko ƙafa ta fara mutuwa ka fita daga zaman nan take. Fitar ma a hankali ake yi, ka tallafi gwiwa da hannu, don jikin zai ji kamar ba naka ba na ɗan lokaci, sai ka miƙe a kwance kamar minti ɗaya kafin ka shiga na gaba.