Siddabarun fim tun daga wajen ɗauka yake farawa

Sana'ata ɗaukar bidiyon biki da suna, in yanke in haɗa in ɗora kiɗa. Abin da ya juya hankalina zuwa siddabarun fim shi ne labarin samarin nan na Kaduna, The Critics Company, da ya bazu a 2019. Da waya mai fasasshen gilashi da koren ƙyalle (wanda ake sawa a bayan ɗan wasa, daga baya a cire koren a kwamfuta a sa wani bango) suke haɗa gajerun finafinan ƙagaggun labaran kimiyya, kuma a YouTube suka koyi aikin. A 2020 har J.J. Abrams, daraktan Hollywood, ya aiko musu da kayan aiki. Na ce tun da makarantar a buɗe take ga kowa, ni ma zan zauna a ajin.

Zaɓen manhaja bai ba ni wahala ba, aljihu ne ya yanke hukunci. Darussan Andrew Kramer na shafin Video Copilot suna da kyau ƙwarai, amma a kan After Effects suke, ita kuwa biyan kuɗinta ba ya ƙarewa, wata-wata ko shekara-shekara. Sai na kama DaVinci Resolve, wadda kamfanin Blackmagic Design ke bayar da samfurinta na kyauta, da sashen Fusion na siddabaru a cikinta, na haɗa da Blender don ƙera abubuwan da babu su a zahiri. Darasi kuwa da dare nake saukewa, kuma ba na yin ƙasa da 720p, domin a 360p ba za ka iya karanta abin da malamin yake dannawa ba, ka yi asarar data a banza. In Turancinsa ya yi sauri, in rage gudun bidiyon zuwa 0.75.

Ga abin da ba a cika faɗa wa mai koyo ba. Hoton da malami yake ba ka ka gwada da shi an ɗauke shi ne da babbar kyamara, a ɗakin da aka tsara haskensa. Danna biyu, koren ya fita tas. Ranar da ka sa hoton wayarka, gefen gashi da bakin mayafi duk sai su zama tsatsa-tsatsa, don waya tana matse bayanan launi sosai kafin ta adana. Babu maɓallin da zai dawo da abin da kyamara ba ta ɗauka ba. Maganin yana wajen ɗauka: a goge ƙyallen a ɗaure shi tamau, haske ya bazu a kansa daidai ba duhu a wani lungu, ɗan wasa ya matso gaba kamar mita biyu don kada inuwarsa ta faɗa kan ƙyallen, kada kuma koren ya haska masa fuska. Farar shadda mai sheƙi ita ta fi komai ɗebo koren nan, shi ya sa nake duba kayan ɗan wasa tun kafin ranar aiki.

Ɓacewar mutum, irin ta aljanu da bokaye da muka saba gani a finafinanmu, ita ce ta fi koya mini wannan. Aikin kwamfutar ɗan kaɗan ne. Ka kafa kyamara a kan ƙafarta kada ta motsa, ka kulle haskenta da saitin gani, ka ɗauki mutumin, ya fita, ka ɗauki wurin babu kowa nan take kafin rana ta gusa. In ka bar wayar tana daidaita haske da kanta, bango zai canza launi a daidai lokacin ɓacewar, kuma ko yaro zai gane an yanke. Haka in ka ƙera wani abu a Blender ka saka shi a tsakar gida: in inuwar bishiya ta yi gabas, tasa ma dole ta yi gabas. Yanzu duk inda zan ɗauka sai na fara ɗaukar hoton inda rana take.

Akwai kuma abin da darussan Amurka ba su dace da mu ba. Wutarsu tana bugawa sau 60 a daƙiƙa, tamu sau 50, don haka in ka kwafi saitinsu a ƙarƙashin ƙwan lantarki, hoton zai iya yin ƙyaftawa. Ni hoto 25 nake ɗauka a daƙiƙa, saurin rufewar idon kyamara (shutter) ɗaya bisa 50 na daƙiƙa. A kan janareto ma sai na gwada tukuna, don bugunsa ba ya tsayawa wuri guda.

Kallon darasi yana da daɗi har ya sa mutum ya ji kamar ya iya. Dokar da na kafa wa kaina ita ce ba na buɗe sabon darasi sai na maimaita na jiya da hoton da na ɗauka da hannuna, bidiyon malam a rufe. In na gama, sai in nuna wa ƙannena a waya ba tare da na gaya musu inda na taɓa ba. Duk wurin da suka nuna da yatsa, nan zan koma in gyara, kuma sau da yawa ba hoton ba ne, sauti ne: mutum ya ɓace shiru, ba ƙarar iska, ba motsin ƙura.