Gidan Hardwick, inda gilashi ya fi bango yawa

Tun daga kan babbar hanyar M1 na hango shi a bisa tudu, a gundumar Derbyshire ta Ingila, rana tana walƙiya a tagoginsa. Da muka matso sai ga haruffa biyu, E da S, an sassaƙa su da dutse a kan hasumiyoyinsa shida. Sunan mai gidan ke nan, Elizabeth ta Shrewsbury, wadda aka fi sani da Bess. Aure huɗu ta yi, dukiyarta tana ƙaruwa a kowanne, har aka ce in ka cire Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ba macen da ta kai ta arziki a ƙasar. Ta sa harsashin ginin a 1590, ta tare a 1597. Robert Smythson ne ya tsara shi.

A zamaninta gilashi kayan masu hannu da shuni ne, ita kuwa ta zuba shi ba ƙaƙƙautawa. Kowane hawa tagoginsa sun fi na ƙasansa tsawo: barori a ƙasa, iyali a tsakiya, manyan baƙi a can sama. Sai da na hau matakalar dutsen nan mai faɗi, tana ta karkata da ni ina haki, na gane dabarar. Kafin baƙo ya isa gaban matar nan, ƙafafunsa sun riga sun gaya masa matsayinta.

A doguwar barandar sama, mai tsawon kusan mita 50, na fi daɗewa. An shimfiɗe ƙasa da tabarmar ciyawa da ake yayyafa wa ruwa don kada ta bushe ta karye, ƙamshinta ya cika wurin. Bango kuwa a lulluɓe yake da manyan saƙe-saƙe 13 masu ba da labarin Gidiyon, wani jarumi na cikin Littafi Mai Tsarki, waɗanda Bess ta saya a 1592. Shekara 24 aka yi ana gyaransu, aka kammala a 2023. Na sunkuya kusa da ɗaya, na ga inda sabon zare ya riƙe tsohon, ɗinki ƙanana kamar ƙwayar gero. An saki labule a tagogin, domin hasken da ta yi alfahari da shi yana cinye launin zaren. Duhun ya ɗan dame ni, amma ina ganin sun yi daidai.

Zuriyarta, dangin Cavendish, sun fi son zama a wani babban gidansu da ake kira Chatsworth, shi ya sa ba su damu da sabunta Hardwick ba. Harajin gado mai nauyi bayan rasuwar magajin gidan a 1950 ya sa suka miƙa shi ga gwamnati, ya koma hannun National Trust, ƙungiyar da ke kula da gidajen tarihi, a 1959. Yana cikin rukunin farko na gine-ginen da doka ta kare, ba a canza masa fasali sai da izini.

Daga nan na taka zuwa kangon tsohon gidanta da ke gefe. Ba rufi, amma har yanzu ana ganin adon farar ƙasa can sama a jikin bango, ruwan sama yana dukansa.