Alhamis: bindigar da ta ƙi ɗura kanta

Raina bai gama sauka ba har yanzu, shi ya sa na zauna rubutu maimakon in kwanta.

Safiya dai lafiya lau. Tamis da ful a wurin ɗan Afganistan na bakin layi, shayi mai madara, Kawu kuma, dattijon da ke gyaran bindigogi a wurin aikinmu, ya iso da mota kan lokaci. Sanyin Riyad ya fara leƙowa, har na ɗauko rigar da Inna ta aiko. A filin harbi inda nake aiki, aikin kullum ne: share kwanson harsashi, sauya takardun saiti, goge bindigogin haya. Har waƙa nake yi ƙasa-ƙasa.

Bayan Azahar saurayin nan mai farar jif ya dawo da bindigarsa. Irin AR ce, mai cin harsashin .223, tasa ce ta kansa da lasisinta, don shi ɗan ƙasa ne. Mu baƙi masu iƙama iyakarmu gogewa da gyara a gaban idon mudir, wato manajan wurin. Kukansa bai canza ba: ya harba, kwanso ya fito a kasale ya faɗi kusa da ƙafarsa, harsashi na biyu ya ƙi shiga, wani lokaci ma kwanson ya maƙale a ƙofa. Ya sayi sababbin gidajen harsashi, ya canza sifirin na baya, ya canza kamfanin harsashi, duk a banza. Yau da shawararsa a baki ya zo: Kawu ya sa injin huda ya faɗaɗa masa ramin gas, wai haka wani abokinsa ya ce.

Ga waɗanda ba su san cikinta ba, irin wannan bindiga da hayaƙin albarushinta take ɗura kanta. A saman bututu akwai ɗan rami wanda faɗinsa bai wuce milimita 2 ba ko kusa da haka. In harsashi ya gifta ramin, wani kaso na gas ɗin da ke turo shi sai ya bi ta nan ya hau cikin wani zoben ƙarfe da aka ɗaure a kan bututun, daga zoben ya shiga siririn bututu ya koma baya, ya tura gidan sakata, wato ƙarfen da ke ɗauke da sakatar da ke kulle bayan harsashi. Sakata ta ja baya ta jefar da kwanso, sifirin ya dawo da ita ta kwaso sabon harsashi. Tsarin Eugene Stoner ne na kamfanin ArmaLite a Amurka, wanda Colt ya saya a 1959. Duk wannan tafiya a kan abu guda ta dogara: ramin bututu da ramin zobe su haɗa baki daidai.

To ni na gani. Tun ina ɗauko ta daga jakarta zuwa kan tebur na hango baƙin hayaƙi ya yi feshi a cikin mariƙin gaba da ke lulluɓe bututun, gefen hagu kaɗai. Na leƙa ta tsakanin ramukan mariƙin, na ga zoben ya ɗan karkata. Kuma mariƙin sabo ne, ba wanda ta zo da shi daga kamfani ba. Na haɗa Larabcina na ce masa matsalar a zobe take, ya goce daga kan rami. Ya dube ni ɗan kaɗan, ya ce "ɗayyib, ɗayyib", ya juya ya ci gaba da yi wa Kawu bayanin abokinsa. Sannan ya miƙo mini makullin mota in ɗauko masa akwatin harsashi.

Na je na ɗauko.

Kawu ya ji abin da na faɗa, na tabbata ya ji, don tsakaninmu bai fi taku biyu ba. Amma bai ce uffan ba. Maganar huda kawai ya kashe: ramin da aka faɗaɗa ba ya komawa, kuma ba zai huda bututun mutum a kan jita-jita ba. Daga nan ya kama aikinsa daga farko kamar ba wanda ya yi magana. Ya cire gidan harsashi, ya ja sakata, ya duba ɗakin harsashi da ido, ya sa yatsa ya sake tabbatarwa babu komai. Muka fita layi, ya sa harsashi ɗaya tak a gida, ya ce mai ita ya harba. In gas ya isa, sakata za ta ja baya har ƙarshe ta tsaya a buɗe. Ba ta tsaya ba. Ya karɓi gidan harsashi namu na filin da muka san lafiyarsa, aka sake. Haka dai. Kwanson kuwa maimakon ya tashi dama sosai, wajen ƙarfe 3 zuwa 4 in an ɗauki bakin bindiga a matsayin ƙarfe 12, sai ya zame baya ya faɗi ba ƙarfi.

Muka koma tebur. Ya zaro gidan sakata, ya miƙar da sakatar, ya tsayar da shi a kanta ya gani ko nauyinsa zai sa ta nutse. Ba ta nutse ba, wato ƙananan zobba uku da ke riƙe gas a jikinta ba su cinye ba. Ya kama ɗan bututun da ke saman gidan, wanda gas ke shiga ta cikinsa, ya jijjiga, ya duba sukurori biyun da suka ɗaure shi. Daram. Ya cire sakatar, ya mayar da gidan shi kaɗai ya tura a hankali da ɗan yatsa. Nan ne ya ɗan cije kafin ya haɗiye bakin siririn bututun. Kawu ya haska fitila, sai ga bakin bututun ya goge ta gefe guda yana ƙyalli. Ni ina tsaye ina miƙa sukundireba, cikina yana tafasa, don duk abin nan zobe yake nunawa.

Sai a lokacin ya kwance mariƙin, ya sassauta sukurori biyu na ƙarƙashin zoben, ya zame shi gaba. Hayaƙi ya bar tambarinsa a jikin bututu: da'ira baƙa, ramin kuma yana can bakinta, kusan rabinsa a rufe. Kuskure biyu aka yi. Zoben ya karkata hagu, sannan an danna shi ya manne da kafaɗar bututu. Tsohon mariƙi yana da ɗan faifan ƙarfe da ke zama a tsakaninsu, kaurinsa bai kai milimita 1 ba, kuma irin wannan zoben da lissafin faifan aka huda shi. An cire faifai, ba a bar gurbinsa ba. Bututun kuma ba shi da ɗan gurbin da sukuru ke zama a ciki ya hana juyawa.

Gyaran bai ɗauki lokacin shan kofin shayi ba. Ya ja layi da fensir daga tsakiyar rami, ya ja wani a kan zobe, ya haɗa su, ya bar ɗan tazarar faifan, ya ɗiga maganin riƙe sukuru mai jure zafi, ya ɗaure. Ya toshe ɗakin harsashi, ya hura iska ta baki, muka ji tana fita sosai ta siririn bututun. A layi, harsashi ɗaya, sakata ta tsaya a buɗe. Gida cike, ta cinye shi tas, kwanso yana tashi dama yana taruwa wuri guda.

Murna wajen saurayin nan ba a magana. Ya rungume Kawu, ya sumbaci kansa, yana ta "ya ammi, wallahi kai ne usta", har ya kira abokin nasa a waya yana ba shi labari. Na tsaya ina jiran kalma ɗaya. Kawu ya ce alhamdulillahi, ya ce in tattara kayan aiki.

A mota na kasa haƙuri. Mun wuce gidan mai na ce, "Kawu, kun ji na faɗa tun farko."

Ya ce, "Na ji."

Na ce, "To me ya hana ku ce masa yaron nan ya gano tun ɗazu?"

Ya yi shiru har muka tsaya a danja. Sannan ya ce, "Ɗana, ka ga zobe ya karkata, idonka ya yi kyau. Amma da ka gyara zobe, ashe sukurorin gidan sakata ma sun saki, me za ka ce masa in ya dawo? Bindiga tana iya ciwo biyu a rana ɗaya. Ni ba na faɗin ciwonta sai na san inda take da lafiya."

Na ce wannan na yarda, amma ba ita na tambaya ba. Bayan an gama, bayan ta tabbata, me zai ragu a jikinku in kun ce da bakinku na faɗa? Mutumin nan gobe zai dawo, kuma a idonsa ni mai ɗauko akwati ne.

Ya ce, "A idonsa. Ni fa?"

Ban amsa ba. Ban kuma gamsu ba, gaskiya. Na san matsayina a wurin Kawu, shi ya tsaya mini har aka ɗauke ni aiki, shi ya fara ba ni sukundireba a hannu lokacin da mudir ke ganin tsintsiya ce iyakata. Bin matakai ɗaya bayan ɗaya kuwa ba ni da ja a kai, haka ya kamata a yi da abin da ke ɗauke da wuta. Amma a ƙasar nan sunan mutum irina ba ya tashi sai wani babba ya ɗaga shi a gaban mutane. Mudir yana tsaye a ƙofar warsha, ɗakin gyaranmu, lokacin da ake ta yabon. Jimla ɗaya ce, kuma gaskiya ce.

Wataƙila su mutanen da ba haka aka koya musu ba. Ya sha gaya mini yadda ya fara a ma'ajiyar makamai a Wad Madani ta Sudan, a kan Jim Talata, G3 ta Jamus wadda ba ta da ramin gas ko kaɗan, sannan Kalash mai fistin, kuma wai maigidansa bai taɓa ce masa sannu ba har suka rabu. Yana faɗa ne kamar abin alfahari. Ni ban ga abin alfahari a ciki ba.

Muna shiga unguwar Manfuha wayarsa ta yi ƙara. Ƙanwarsa ce daga Mai Wurno, can Sudan. Na ji suna lissafin waɗanda suka koma gidajensu a Madani tun da sojoji suka karɓe ta a Janairun 2025, da waɗanda har yau suke Gadarif, da wani ɗan ɗan'uwansu da ba a ji ɗuriyarsa ba. Tun da yaƙin Sudan ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, kowace wayar gida haka take ƙarewa a wurinsa. Ya kashe, ya riƙe sitiyari da hannu biyu. Sai maganata ta yi mini nauyi a baki, na bar ta. Da zan sauka ya ce in gaida mutanen ɗaki, na ce Allah ya bayyana yaron, ya ce amin.

Isha a masallacin layi. Kabsar jiya aka ɗumama. Maman Abba ta kira, kuɗin makaranta, na ce sai albashi ya shigo. Na'urar sanyaya ɗaki ta koma ɗigar ruwa a kan katifar Ɗan Zinder, ya ja ta tsakiyar ɗaki, yanzu ba hanyar wucewa.

Gobe Juma'a, sai bayan La'asar za mu buɗe. Saurayin ya ce zai zo da abokin nan nasa, wanda ya riga ya faɗaɗa ramin tasa, wai yanzu tana watsa kwanso gaba tana dukan kafaɗa. Gas ne ya yi mata yawa. Wannan karon tun a mota zan gaya wa Kawu, kuma zan roƙe shi ya bar ni in bi matakan da hannuna a gaban mudir.