Bonet ɗin akori-kurata ya yi sheƙi, amma na cinye mata gefe ɗaya

Jama'a yau dai Allah ya yi, bonet ɗin nan da ya hana ni barci sati uku ya fito, wallahi da na gama na ja da baya na tsaya ina kallon inuwar darbejiyar ƙofar gida a jikinsa har maigadin layinmu ya tambaye ni ko sabon fenti na yi. Ba fenti na yi ba, hannu ne kawai da taurin kai. Amma akwai ɓarnar da na yi, zan zo kanta.

Ga waɗanda ba su san motar ba, fijo 504 ce akori-kura, irin haɗin Kaduna, ja, ta Baffana ce da ya yi shekaru yana ɗauko buhuna da ita daga Dawanau. Ja a takarda dai, don lokacin da ta dawo hannuna ta koma ruwan hoda-hoda, in ka shafa yatsa a bonet sai ya fito kamar ka taɓa alli.

Kuskurena na farko, na ɗauka folish ne maganin komai. Na wanke ta tas, na samo gwangwanin Turtle Wax a Ƙofar Ruwa, naira 9,500, kuɗin da har yanzu yana min ciwo, na lafta mata shi wajen ƙarfe sha ɗaya na safe a tsakiyar rana. Kai. Kafin in gama rabin bonet na farkon ya riga ya bushe ya ƙame, na goge na goge har kafaɗata ta yi tsami amma abun ya fito dabbare-dabbare, nan duhu can haske, kuma bayan kwana huɗu ya koma yadda yake kamar ban taɓa komai ba. Na sake, wannan karon da yamma, duk ɗaya. Kusan rabin gwangwani ya tafi a banza.

Wani tsohon mai fenti da nake zama wajensa in na kai gyara shine ya ɗauki tsummana ya duba, ya ga ya yi jajir, ya yi dariya ya ce yaro ai gawa kake shafa wa mai. Motocin zamanin nan akwai kiliya, wato wani hawa marar launi, a saman kalar, shi ya sa in ka goge su tsumma ba ya ɗaukar launi. Tamu ta da kuwa fenti hawa ɗaya ne, kalar ita ce a waje tana shan rana kai tsaye, saman ya mutu ya zama gari, kuma ja ya fi kowanne saurin koɗewa. Folish ba ya cire mataccen, shanye shi kawai yake yi kamar busasshiyar ƙasa ta sha ruwa. Sai an kankare saman da kampawun, wato man kankare fenti, tukuna a kai ga mai rai a ƙasa.

To fa nan aikin yake, don ba ni da injin gogewa kuma ban yarda in ba yaran wankin mota ba. Da hannu na yi. Na raba bonet gida-gida, kowane gida kamar faɗin tafin hannu biyu, ina farawa bayan sallar asuba kafin ƙarfen ya ɗau zafi, ɗan kampawun kaɗan a jiƙaƙƙen soso, gaba da baya ba zagaye ba, in goge da tawul mai laushi in duba, in bai yi ba in sake. Wani wurin sau biyu ya isa, tsakiyar bonet ɗin kuwa inda zafin inji yake dukansa daga ƙasa rana daga sama sai da na bi shi sau biyar. Tawul shida na lalata, duk sun koma ja, uwargida ta ce kar in kuskura in haɗa mata su da wanki. Kuma lokacin hazo ne, in ka shiga shan shayi ka fito ƙura ta riga ta kwanta, in ka ci gaba a haka ƙurar ce zata zana maka layi-layi, dole ka sake watsa ruwa ka tsane. Akwai ranar da na yi wanki uku ban goge ko gida huɗu ba, na zauna a kan bokiti ina tambayar kaina wa ya aike ni.

Wani abu kuma da ya ɓata min rai, ruwan burtsatsen unguwarmu. In ya bushe a jiki sai ya bar ɗigo-ɗigo fari, da na ɗauka fentin ne yake ƙara lalacewa ashe gishirin ruwan ne. Ruwan khal rabi ruwa rabi ya ɗauke su, yanzu kuma ba na barin ta bushe da kanta. Omo ma na daina, yana wanke folish ɗin da ka sha wahalar sawa.

Ɓarnar kuwa, gefen bonet ta wajen direba, daidai kan lanƙwasar nan. Daɗin ganin jan yana dawowa ya ɗebe ni na danna da ƙarfi, kawai sai na ga toka-toka ta leƙo, faraima ce, wato shafen da ke ƙarƙashin fenti. Tsawon ɗan yatsa. Fenti a kan kaifi ya fi siriri, na sani, an faɗa min, tef ɗin takarda ma yana cikin motar ban liƙa ba don ganda. Babu kampawun ɗin da zai dawo da wannan, sai dai a taɓa da buroshi, kuma samun jan da zai dace da na shekara talatin da wani abu ba wasa bane. Duk wanda ya zo yaba motar idona can yake tafiya.

Jiya da yamma a inuwa na sa folish, siriri sosai har kamar ban sa ba, na jira ya yi hazo, na ja yatsa ya fita fes sannan na goge. Yau da safe na watsa ruwa ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya yana gangarowa. Sai dai folish ɗin ya taɓa robar gilas ya bar fari, tsohon buroshin haƙori nake bi da shi har yanzu bai gama fita ba.

Saura rufi da ƙofofi biyu, bodin baya kuwa tsatsa ce a kusurwa inda ruwa ke kwanciya, wannan ba aikin tawul bane. Fendar hagu nake tsoro, da na ƙwanƙwasa sautin ya mutu, na sa maganaɗisu ya ƙi kamawa, fila ce a ciki, abin nan da ake cike lotsawa da shi, kuma fentin wurin daban yake da sauran. Wanda ya taɓa goge irin wannan wurin don Allah ya faɗa min kafin Asabar, in bi shi da kampawun ko in sa folish kawai in wuce?