Daga Bankok zuwa Songkhla: Ayabar Tsakiyar Birni da Kuɗin Haraji

Shekara shida ke nan ina zuwa Bankok saro kayan yara ina kaiwa Kantin Kwari, amma in ka ɗauke kasuwar Pratunam da ta Bobae da ɗakin da nake kwana, ban san komai a Tailan ba. A watan Yulin 2025 ne abokin cinikina, wani Musulmi ɗan kudancin ƙasar da ke haɗa mini kaya, ya ce zai aurar da 'yarsa a ƙauyensu cikin lardin Songkhla, kuma lallai da ni za a yi. Musulmin Tailan suna kiran babban wa da Bang, haka ni ma nake kiransa, shi kuma Haji yake ce mini.

Ana gobe za mu tashi, muka shiga wani shago biyan kuɗin kaya. Mai shagon ta buga lissafi, ta ɗago kai ta tambayi Bang wani abu da yarensu. Ya juyo ya ce, "Haji, tana tambaya da rasit na haraji kake so ko babu. In da shi ne, za ta ƙara kashi 7 cikin 100." Na sha jin wannan tambaya a baya ban taɓa tsayawa a kanta ba. Wannan karon na ce masa, to in kowa ya ce babu, da me gwamnatinku take gina waɗannan gadoji da jiragen ƙasa da ke wucewa ta saman kanmu? Ya yi murmushi, ya ce hanya doguwa ce gobe, zan ga amsa da idona.

Da asuba muka shiga motarsa a-kori-kura. Ba mu fita daga gari ba ya rage gudu kusa da wani makeken fili tsakanin dogayen benaye. An kewaye shi da kwano, a ciki kuwa layi-layi ne na ayaba da lemon tsami, wasu ma sun bushe. Na ce wane irin manomi ne zai yi gona a ƙasar da taku ɗaya ya fi kuɗin gida? Bang ya ce babu manomi a nan. Tun da dokar harajin filaye da gine-gine ta fara aiki a 2020, filin da aka bari fayau yana biyan haraji mai nauyi, na noma kuwa ɗan kaɗan ne. Sai attajirai suka riƙa kawo leburori su dasa ayaba, fili ya koma gona a takarda. Doka ba ta hana ba. Daga nan idona ya buɗe, kafin mu bar birnin na ƙirga irin waɗannan gonaki har huɗu.

Muka hau titin Rama na Biyu, wanda shi ne ƙofar kudu. Ban taɓa bin hanyar da ta sa ni riƙa ɗaga kai sama kamar wannan ba. Tsawon kilomita masu yawa, manyan ginshiƙan siminti da injinan ɗaga kaya suna rataye a kan motoci, ana gina wata hanyar a saman wadda muke kai. Bang ya ce mutanen gari suna kiranta hanyar zuriya bakwai, don tun farkon shekarun 1970 da aka buɗe ta aiki bai taɓa yankewa a kanta ba. A watan Nuwamban 2024 wani injin ya rufta a yankin Samut Sakhon ya kashe ma'aikata 6, a watan Maris na 2025 kuma wani sashe na gadar da ake ginawa ya sake faɗowa, aka sake rasa rayuka. Ya kashe rediyo, muka yi shiru, kowa na addu'a a ransa, har muka fito fili inda gonakin gishiri suke shimfiɗe fari fat hagu da dama.

Wajen Chumphon muka tsaya cin abinci a rumfar wata dattijuwa mai lulluɓi, tana sayar da shinkafa dafa-duka da kaza mai kurkur, wadda suke kira khao mok kai. A Tailan har mai sayar da gasasshiyar ayaba yana da alamar da ake haskawa da waya a biya ta tsarin PromptPay. Ita kuwa da na fito da waya sai ta girgiza kai, ta nuna tafin hannu: kuɗi hannu take so. Bang ya yi mata hira yana kiranta Inna da yarensu. Ta ce lokacin korona ta shiga shirin gwamnati na rabi-da-rabi, wanda mai saye ke biyan rabin kuɗi gwamnati ta cika rabi. Ciniki ya buɗe, amma daga baya sai ta ji labarin 'yan kasuwar da ma'aikatan haraji suka bi da lissafin baya. Tun daga nan ta cire alamar. Bang ya ƙara mini bayani cewa tun 2019 doka ta wajabta wa bankuna su kai rahoton asusun da kuɗi ya shiga sau 3,000 a shekara, ko sau 400 in jimillar ta kai baht miliyan 2 (baht shi ne kuɗin Tailan). Ƙila cinikin wannan baiwar Allah bai kai inda za a karɓi komai a hannunta ba, domin baht 150,000 na farko na ribar mutum a shekara ba a cire masa haraji. Amma ba ta yarda ta gwada ba. Wanda ya taɓa ganin maciji ya sari maƙwabci, tsumma ma gudunsa yake yi.

Mun isa ƙauyen cikin dare, bayan tafiyar da ta kusa kilomita 1,000 ta tsakiyar gonakin roba da kwakwar manja. Biki ya yi kyau, an ci an sha, mata sun dafa naman sa da madarar kwakwa a manyan tukwane. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne zaman da muka yi bayan sallar isha'i a barandar kawun amarya, tsohon malamin makarantar gwamnati. Da Bang ya gaya masa tambayar da na yi a Bankok, sai ya gyara zama.

Ya ce shi shekara talatin da wani abu ana yanke haraji daga albashinsa tun kafin ya taɓa kuɗin, kuma irinsu ne ke ɗauke da kayan. A ƙasar da ma'aikata suka kai kusan miliyan 40, waɗanda ke biyan harajin kuɗin shiga da gaske ba su wuce miliyan 4 da wani abu ba. Fiye da rabin masu neman abinci sana'ar kansu suke yi, babu takardar albashi. Ya ce amma kada in ɗora laifin a kan mai rumfa. A watan Janairun 2006 iyalan firaministan wancan lokacin, Thaksin Shinawatra, suka sayar da hannun jarinsu na kamfanin Shin Corp ga Temasek, kamfanin zuba jari na gwamnatin Singafo, a kan baht biliyan 73, kuma a lokacin ba a biya haraji a kan cinikin ba. Mutane suka cika tituna, a watan Satumba sojoji suka yi juyin mulki. To sojojin fa? Nan muryarsa ta canza. Ya ce a nan kudu, a shingayen bincike, sojoji sun yi shekaru suna nuna wa mutane wata na'ura mai suna GT200 da aka ce tana gano bam. An saye ta da kuɗi masu yawa, daga baya ta tabbata robar banza ce da ɗan ƙarfe, babu komai a cikinta. Baturen Ingila da ya sayar da ita an ɗaure shi a 2013. An tsare bayin Allah saboda inda tsinken wannan roba ya juya. Ya kawo batun jirgin yaƙi mai nutso da aka yi odarsa daga Sin a 2017 kan baht biliyan 13.5, wanda har ranar da muke zaune bai iso ba.

Wani saurayi ɗan ɗan'uwansa, mai sayar da kaya ta intanet, ya ce shi ya sa shi ba zai taɓa kai kansa ofishin haraji ba. Ga mamakina tsohon bai goyi bayansa ba. Ya ce, "Yaro, da aka yi wa kakarka aikin ido, nawa kuka biya?" Tun 2002 Tailan take da shirin lafiya na kowa da kowa da aka sani da shirin baht 30, kuma da kuɗin haraji yake tafiya. Saurayin ya ce ai yana biya, duk abin da ya saya a kanti akwai kashi 7 a kai, ga na man fetur, ga na katin waya. Ya ce kuma kuɗin Bankok suke tafiya. Wannan ba ƙorafin baki ba ne kawai: wani rahoton Bankin Duniya na 2012 ya nuna Bankok, mai kashi 17 na jama'a, ita ke cin kashi 72 na abin da gwamnati ke kashewa. Suka yi ta ja-in-ja har aka kawo shayi, babu wanda ya saki.

Da safe a masallacin ƙauyen na ga wani farin allo a jikin bango. An rubuta sunan kowane gida da abin da ya bayar don gyaran rufi, a gefe kuma kuɗin kwano, kuɗin ƙusa, ladan kafinta, da abin da ya rage. Sunan gidan saurayin nan yana ciki, da adadi mai kauri. Bang ya ce haka abin yake a gidajen ibadar mabiya Buddha. Ya tuna mini da 2017, lokacin da wani mawaƙi da ake kira Toon ya yi gudu daga Betong a ƙarshen kudu zuwa Mae Sai a ƙarshen arewa, sama da kilomita 2,000 cikin kwana 55, don tara wa asibitocin gwamnati 11 kuɗin kayan aiki. Ya ce shi da kansa ya tsaya a bakin titi da kuɗi a hannu, ga tsofaffi da 'yan makaranta suna miƙa nasu. An tara fiye da baht biliyan 1. Na daɗe tsaye gaban allon nan. Mutanen da na zo ina zargi da rowa ga ƙasarsu, ashe hannunsu a buɗe yake. Wurin da ba sa ganin ƙasan rijiyar ne suke ƙin zura guga.

Na dawo Bankok ni kaɗai a jirgin ƙasa na dare daga Hat Yai. Da safe muka shiga babbar tashar Krung Thep Aphiwat, gini mai girma da tsabta da zai burge kowa. Ko ita sai da ta jawo surutu a farkon 2023, da aka ji an ware baht miliyan 33 don canza allon sunanta. Daga nan na taka da ƙafa zuwa wani wuri da Bang ya kwatanta mini, kusa da kasuwar Chatuchak. A ranar 28 ga Maris 2025 girgizar ƙasa ta auku kusa da Mandalay a Miyanma, nisan kusan kilomita 1,000 daga nan. A duk Bankok, dogon bene ɗaya ne ya ruguje har ƙasa: sabon ginin da ake yi wa Ofishin Mai Binciken Kuɗin Gwamnati, hawa 30, aikin baht biliyan 2 da ɗoriya. Ofishin da aikinsa shi ne bin diddigin yadda ake kashe kuɗin jama'a. Mutum sama da 90 suka mutu, akasarinsu leburori, da yawansu 'yan ci-rani daga Miyanma. Lokacin da na je an riga an kwashe ɓaraguzan, sai shinge da fili. Na tsaya ina tunanin iyayen da ke jiran kuɗin ƙarshen wata daga 'ya'yan da ba za su sake aikowa ba, idona ya ciko.

Ran da zan tashi, a filin jirgin Suvarnabhumi, na bi layin da ake mayar wa baƙi harajin kayan da suka saya. Waya ce na saya wa 'yata a wani babban kanti, da takardarta da hatimi. Ma'aikaciyar ta duba fasfo, ta ƙirgo mini kuɗi sababbi, ta haɗa tafukan hannu ta yi mini sallama. Na tuna dattijuwar Chumphon, wadda ke biyan kashi 7 ɗin nan a kan man girki da robar zuba abinci kullum, kuma babu tagar da za ta je a mayar mata. Na naɗe kuɗin daban cikin ambulan, na rubuta sunan Bang a kai, don in na dawo saro kaya in ba shi ya kai wa masu rufin masallaci.